Abin da judo ta koya wa ƙwaƙwalwata: saƙo ga ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, na Ibadan da Legas da Ife da Benin da Nsukka da Fatakwal da sauran wurare. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda yake tsakiyar karatun tes ya adana shi sai ya samu sarari.

Akwai maganar da ba mu cika yin ta a junanmu ba. Muna tattauna kuɗin makaranta, da tsadar motar zuwa gida, da inda ake samun tuwo mai kyau. Amma da wuya ka ji ɗayanmu ya ce "wallahi kwana biyu ba na iya barci", ko "gabana yana yawan faɗuwa ba gaira ba dalili". In ma ya daure ya faɗa, amsar ba ta wuce "ka yawaita addu'a" ko "haba, faɗuwar gaba ai asarar namiji ce". Addu'a kam wajibi ce, ba mai ja. Sai dai wanda Ya ce a roƙe Shi, Shi ne Ya halicci sababi. Yau a kan sababi ɗaya nake son magana, wanda na yi shekara biyu da rabi ina gwada shi a jikina a nan Ibadan: wasan judo. Da yake kuma kwas ɗina ya shafi yadda sassan jikin ɗan'adam suke aiki, zan haɗa da abin da masana suka gano game da ƙwaƙwalwa da irin waɗannan wasanni na kare kai, har da illolinsu.

Mu fara da halin da muke ciki. Tsakani da Allah mutanen Ibadan suna da karɓar baƙo. Unguwar Sabo tun 1916 take a garin nan, akwai Hausawan da aka haifi kakanninsu a cikinta. Amma duk da haka kowa a cikinmu ya san nauyin da yake ɗauke da shi. A aji, kai ba wane ba ne kawai, kai ne "ɗan Arewa". Aka yi garkuwa da mutane a Zamfara, kai za a juyo a kalla. Ka shiga tasi da hula, wani ya ce maka "aboki" da irin muryar da ka san ba abota ake nufi ba. Wanda kuma yake garin nan a watan Fabrairun 2021 bai manta da rikicin kasuwar Shasha ba: daga 'yar gardama a bakin wani shago, aka wayi gari an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje. Tun daga lokacin, duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin a labarai, wayar iyayenmu mata ba ta hutawa: "Kada ka fita. Kada ka tanka wa kowa. Ka cire hular nan."

To ka haɗa wannan da lakca daga safe zuwa yamma, da aljihu ba nauyi, da kewar gida. Ni dai a aji biyu abin ya taru mini. Sai in kwanta ƙarfe sha ɗaya, ƙarfe biyu idona biyu ina kallon silin. In farka da asuba haƙorana a cije, kafaɗuna a ɗage kamar mai jiran duka. In karanta shafi ɗaya sau biyar, ba abin da ya zauna. Magana 'yar ƙarama in aka yaɓa mini da safe, har dare ina juya ta a raina, ina shirya amsoshin da ya kamata a ce na bayar.

Ga abin da yake faruwa a ciki. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala. Ku ɗauke shi a matsayin mai gadi. Da ya hango haɗari sai ya busa usur, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure. Wannan rahama ce, ita ke sa ka tsallake kwata kafin ka gama gane cewa mota ce ta taho. A bayan goshi kuma akwai sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna magana, mai tsara abu, mai cewa "dakata tukuna". Shi ne birki. Wannan sashen ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, ga shi yawancinmu tsakanin 18 da 24 muke. Idan mai gadi ya daɗe yana busa usur ba hutu, barci yana lalacewa, hadda tana wuya, birkin ma yana rauni. Shi ya sa wani yake zama shiru-shiru ya daina fita, wani ya zama kamar fetur, wani kuma ya fara neman abin da zai kashe ƙarar usur ɗin, daga ƙwayar hana barci lokacin jarrabawa zuwa ta sa barci bayanta. Ba sai na yi bayani ba, mun san su, 'yan'uwanmu ne.

Abokin ɗakina ne, wani Bayarabe ɗan Ogbomosho, ya ja ni ɗakin wasanni. Shi ya lura ba na barci. Bai yi mini wa'azi ba, cewa kawai ya yi suna neman wanda za su riƙa kayarwa.

Judo wasan Japan ne. Wanda ya kafa shi a Tokyo a 1882 malamin makaranta ne, sunansa Jigoro Kano. Kanawa kada ku fara yi mana alfahari, ba ɗan Fagge ba ne. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tsohuwar dabarar faɗa ta jujutsu, ya ware dabarun da suka fi haɗari daga cikin karawa, ya bar waɗanda mutum biyu za su iya gwabzawa da iya ƙarfinsu kuma kowa ya tashi lafiya ya koma gida. Babu naushi, babu shuri. Kamawa ce, da kayarwa, da dannewa a ƙasa, da shaƙa ko murɗe gwiwar hannu har abokin karawa ya sallama. Wanda ya taɓa kokawa a dandali yana yaro ba zai ga abin baƙo ba. Ya kuma gina wasan kan ƙa'ida biyu: kada ka ɓarnatar da ƙarfi inda ba zai yi amfani ba, sannan kai da abokin karawarka ku amfani juna.

Wata guda cur ban kayar da kowa ba. Faɗuwa kawai ake koya mana, suna kiranta ukemi. Ka manna haɓarka da ƙirji don kada ƙeyarka ta bugi ƙasa, ka daki tabarma da dukkan hannunka don ƙarfin faɗuwar ya bazu, ka fitar da numfashi. Ta baya, ta gefe, ta gaba, sau hamsin, sau ɗari. Da farko duk jikina ƙanƙamewa yake yi, kuma mai ƙanƙamewa shi ya fi jin zafi. A hankali jiki ya gane cewa ƙasa ba ta cin mutum. Ranar da aka fara ɗaga ni sama aka maka da ƙasa na tashi ina dariya, a ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Sai darasi na biyu, wanda ya fi na farko wuya. A judo in ka danne mutum bayansa a ƙasa tsawon daƙiƙa 20, ka ci wasa. Daƙiƙa 20 ba komai ba ce sai ranar da mai kilo 95 ya kwanta a ƙirjinka kai kana kilo 68. Usur ɗin nan da na faɗa, a nan za ka ji shi da gaske. Ido ya rufe, tunani ya ɗauke, ka hau fizge-fizge, cikin daƙiƙa biyar ƙarfinka ya ƙare. Kocinmu yakan durƙuso kusa da kunnenka ya ce abu ɗaya kawai: fitar da iska. Ba ja ba, fitarwa. Kuma akwai dalili. Duk lokacin da mutum yake fitar da numfashi, wata doguwar jijiya da ake kira bagas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki, tana ɗan rage gudun zuciya. In ka tsawaita fitarwar, kana taka birki ne da kanka. Da zuciya ta ɗan lafa sai tunani ya dawo, ka lura ashe ƙafarsa ta hagu a sake take, ashe akwai 'yar kafa ta wajen ƙugu.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyar da suke bi da masu ciwon tsoro da fargaba: a riƙa kusantar da mutum ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, a wuri mai aminci, har ƙwaƙwalwa ta koyi sabon darasi. Tsoron ba gogewa yake yi ba, sashen goshi ne yake koyon cewa da mai gadi "na gani, zauna". Ba ina cewa tabarmar judo asibiti ba ce, amma abin da ake yi a kanta ya yi kama da haka ƙwarai. Sau uku a mako ana tayar maka da hankali da gangan, daidai gwargwado, kuma kana da mabuɗin fita a hannunka: ka taɓa abokinka sau biyu, nan take ya sake ka. A rayuwar waje tsoro yana zuwa ba sallama kuma ba ka san ranar tafiyarsa ba. A nan kai ka shigo da shi, kai za ka sallame shi.

Darasi na uku kalma ɗaya ce: "mate", wato dakata. Kana tsakiyar karawa, jini ya hau, ka samu damar da ka yi minti uku kana nema, ka riga ka juya ƙugu za ka ɗaga mutum, sai koci ya ce mate. Dole ka saki. Ba "bari in ƙarasa". A atisaye ɗaya za a yi maka haka sau ashirin ko fiye. Ka lissafa a shekara. Ban san wani wuri a rayuwar ɗalibi da ake horar da shi tsayawa cak yana cikin zafin zuciya kamar nan ba. Dukkanmu mun haddace hadisin nan da ya bambance mana gwanin kayar da mutane da wanda yake mallakar kansa lokacin fushi, ya kuma nuna mana wane ne mai ƙarfin gaske a cikinsu. Mun san shi tun muna Islamiyya. Abin da ba mu samu ba shi ne filin da za mu yi ta maimaita aikin har ya zama jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana sun gwada wannan. A 2004 wasu masu bincike biyu a Amurka, Lakes da Hoyt, sun raba yaran firamare 207 gida biyu: wasu suna darasin motsa jiki da aka saba, wasu suna tekwando irin na gargajiya. Bayan wata uku, 'yan tekwando sun fi sauran iya kame kai, da natsuwa a aji, har da lissafin ka. Cikin abin da aka koya musu akwai tambayoyi uku da yaro zai riƙa yi wa kansa: a ina nake, me nake yi, me ya kamata in kasance ina yi. Ni kaina na ari tambayoyin nan, ina amfani da su a laburare in na tsinci hannuna a kan waya.

Bari in ba ku misalin ranar da na ga amfanin abin a waje. Na shiga Micra daga Ojoo, mu biyu a kujerar gaba kamar yadda aka saba. Ana labarai a rediyo kan wani hari, sai wani fasinja a baya ya fara magana da ƙarfi, rabi Yarbanci rabi Turanci, cewa irinsu ne, ga ɗaya nan a gaba da hularsa, wa ya san abin da ke cikin jakarsa. Na ji abin ya taso mini tun daga ciki, kunnuwana suka yi zafi, hannuna ya dunƙule. Amma wannan yanayin na san shi, na sha haɗuwa da shi a ƙarƙashin mai kilo 95. Na fitar da iska a hankali. A cikin 'yar tazarar nan na ga abubuwa da yawa: na ga dattijo ne, na ga direba bai ji daɗin maganar ba, na tuna akwai masu facin takalma da 'yan acaɓa 'yan'uwanmu a bakin titin da za su iya kwana a ciki in hayaniya ta tashi. Na juya na gaishe shi da Yarbanci irin gaisuwar da ake yi wa babba, na ce masa littattafai ne a jakar, kuma garinmu ma an kai hari, muna da waɗanda muka binne. Motar ta yi tsit. Wata mata ce ta fara ba ni haƙuri. Da na sauka na wuce lakca, na kuma fahimci abin da aka koyar. A da irin wannan sai ta cinye mini yini guda.

Ku lura, ban fasa jin zafi ba. Har gobe ina ji. Abin da ya canza shi ne an samu 'yar tazara tsakanin abin da aka yi mini da abin da zan yi, kuma a cikin tazarar nan ake tsira da digiri, wani lokacin ma da rai. Ɗalibin Arewa a nan ba shi da damar yin fushi irin na kowa. Ka mari mutum ɗaya, a kore ka daga makaranta, sannan labarin ya fita a matsayin "Bahaushe ya daki wane". Wannan ba adalci ba ne, amma haka abin yake.

Don kada in cika ku da yabon judo, gaskiya babban kaso na amfanin daga motsa jikin ne kansa. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 218 a kan mutum sama da 14,000, aka ga motsa jiki yana rage ciwon damuwa, ko tafiya ce ko sassarfa ko ɗaga ƙarfe. A 2011 kuma wani bincike a Amurka kan dattawa 120 ya nuna waɗanda suka shekara suna tafiyar motsa jiki sau uku a mako, sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da hadda, hifokamfas, ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, a shekarun da aka saba ganin yana raguwa. Motsa jiki yana ƙara wani sinadari da ake kira BDNF, wanda yake kamar taki ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Atisayenmu minti 90 ne sau uku, 270 ke nan. Saboda haka mai buga ƙwallo da yamma da mai zagaya fili da asuba su ma suna samun rabonsu. Abin da wasan kare kai ya ƙara shi ne horon tsoro, da horon birki, da wani abu na uku: mutum.

Mu 'yan Arewa a nan muna da masallaci, muna da ƙungiyoyin ɗaliban jiha, muna da Sabo ranar da kwaɗayin masa ko tsire ya taso. Alhamdu lillahi, su suke riƙe da mu. Amma sau da yawa daga mu sai mu, muna ta juya tsoro iri ɗaya a tsakaninmu. A tabarma kuwa, ka sa wuyanka a hannun ɗan Enugu, ya shaƙe, ka taɓa shi sau biyu, ya saki nan take ya tambaye ka ko lafiya. Gobe shi ma ya sa nasa a hannunka. Bayan wata shida ana haka, mai gadin da ke cikin kanka ya daina busa usur don kawai ya ji wani yare. Su ma haka. Akwai wanda ya faɗa mini da bakinsa cewa kafin ni bai taɓa zama ya yi hira da ɗan Arewa ba in ba mai sayar masa da albasa ba. Lokacin da aka yi wata 'yar fargaba a gari, saƙon farko da ya shigo wayata daga 'yan judo ne: kana ina, in ba ka natsu ba taho gidanmu. Kaɗaici yana cikin manyan abubuwan da ke rura damuwa, kuma ba a maganinsa da waya.

Yanzu ga gargaɗi, kuma don Allah kada a tsallake nan.

Na ɗaya, koci shi ne komai. A 1986 wani masani, Trulson, ya raba matasa masu laifi gida uku a Amurka na wata shida. Waɗanda aka koya wa tekwando tare da ladabi da natsuwa da girmama abokin karawa, zafin kansu da fargabarsu sun ragu. Waɗanda aka koya wa faɗan zalla, ba tarbiyya, sun ƙara lalacewa. A Nowe ma, wani bincike na 2005 da ya bi yara maza kusan 500 tsawon shekara biyu ya ga masu shiga wasannin ƙarfi, musamman dambe da ɗaga ƙarfe, sun fi ƙara rashin ji. Wato wasan wuƙa ne, ya danganta da hannun da ya riƙe. In ka je wuri ka ga koci yana zagi, ana cin zalin sababbi, ana alfahari da wanda aka fasa wa baki, ɗauki takalminka. Ka nemi kulob ɗin da ke ƙarƙashin sashen wasanni na makarantarku ko na filin wasa na jiha. Kuma ka rufe bakinka a hostal. Kowa ya san akwai ƙungiyoyin asiri a makarantu, kuma suna son yaro mai ƙarfi mai son a san shi.

Na biyu, ka tsare kanka, ina nufin ƙoƙon kai. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta yadda 'yan damben boksin da suka daɗe suna shan naushi suke komawa suna tangaɗi da rawar jiki da mantuwa. Yau an san cewa bugun kai da ake maimaitawa yana taruwa, ko da bai sumar da mutum ba. Ina son dambenmu na gargajiya, na tashi ina jin waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, har yanzu in na ji ta tsigar jikina tana tashi. Amma wanda jarinsa ƙwaƙwalwa ce, ba shi da abin yi da wasan da ake neman kisa da naushi a ka. Judo ma ba ta kuɓuta ba: a Japan yaran makaranta fiye da 100 ne suka mutu a wajen judo tsakanin 1983 da 2011, yawancinsu ta bugun kai, kuma da yawansu sababbin shiga ne. Shi ya sa kocin kirki ba zai bari a kayar da kai ba sai ka iya faɗuwa. In ka bugu a kai ka ji jiri, ko amai, ko ciwon kai, ko gani ya dushe, atisayen ranar ya ƙare, sai asibiti, kuma ba komawa sai likita ya yarda. Jarumta a nan wauta ce.

Na uku, judo ba ta maye gurbin likita. Idan ka yi mako biyu ko fiye ba ka jin daɗin komai, abinci ya fita ranka, ba ka iya tashi zuwa lakca, ko tunanin cutar da kanka yana zo maka, wannan ciwo ne kamar zazzaɓi, kuma yana da magani. Ka faɗa wa wani a ranar, ka je asibitin makaranta. Akwai sashen masu lura da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, ga Aro a Abekuta, ga Yaba a Legas, ga Uselu a Benin, in an koma gida ga Barnawa a Kaduna, ga Dawanau a Kano, ga Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne. Ƙasar ma ta gane haka, shi ya sa a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye tsohuwar dokar "mahaukata" ta 1958.

Na san tambayoyin da za su biyo baya, bari in rage muku hanya. Maganar rusunawa: e, a judo ana sunkuya wa juna kafin karawa, kuma a gasa doka ce. Malamai sun yi magana a kan sunkuya wa wanin Allah, don haka ka tambayi malamin da ka amince da shi. Mu dai da muka yi wa kocinmu bayani cikin ladabi, ya yarda a atisaye mu riƙa dafa ƙirji mu ɗan gyaɗa kai. Bakinka shi zai nema maka hanya.

'Yan'uwa mata, ku ma abin ya shafe ku, wataƙila ma fiye da mu, don mai hijabi ba ta iya cire shi ta sa a jaka kamar yadda muke yi da hula. Tekwando ya fi sauƙi da hijabi, ana sa shi a ƙarƙashin hular kariya. Hedaya Malak 'yar Masar da hijabinta ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ta sake ci a ta Tokyo. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku je tare, ku nemi a riƙa haɗa ku da mata. Tun da ana shuri a ka a gasar tekwando, gargaɗin ƙoƙon kai yana nan, amma mutum yana iya shekaru yana atisaye bai shiga irin wannan karawar ba. Masu ganin wasan na wasu ne can, su tuna Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar kuma ya ci azurfa a 2016.

Kuɗi: ba sai ka sayi kaya ranar farko ba. Wandon motsa jiki da tsohuwar riga mai kauri sun isa, yawancin kulob suna da rigunan aro. Azumi: mukan rage, mu yi dabaru marasa nauyi kafin shan ruwa, mai ƙarfi ya dawo bayan tarawihi. Lokacin jarrabawa: a nan ne ma ka fi bukata, ko sau ɗaya a mako. Abin da ka karanta a cikin barci yake zama, kuma jikin da ya gaji gajiyar gaske ba ya gardama da filo.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Kowannenmu ya san wani a cikinmu da ya yi shiru kwanan nan, ya daina zuwa cin abinci tare, ko ya fara faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kada ka tsaya tambayarsa me ke damunsa, zai ce maka ba komai. Ka je ɗakinsa da yamma ka ce ya raka ka filin wasa. In judo ce to, in tekwando ne ko kareti to, in ma zagaya fili ne kawai, duk daidai ne. Ku ba abin mako shida kafin ku yanke hukunci. Waɗanda suke Ibadan kuma suna son gwadawa su yi mini magana ta akwatin saƙo, zan raka su ranar farko. Na sauran makarantu da suka san kulob mai kocin kirki, su rubuta a ƙasa don wasu su amfana.

Allah Ya ba mu lafiyar jiki da ta zuciya, Ya tsare mu a garin mutane, Ya mayar da mu gaban iyayenmu da abin da muka zo nema. Amin.